Yaran da Magani Ya Ƙi Karɓa: Abin da Binciken Corinne Antignac Ya Sauya a Ciwon Ƙodar Yara

Likitocin yara sun daɗe da sanin wannan ciwo da ido. Yaro ɗan shekara biyu zuwa shida zai wayi gari fatar idanunsa ta kumbura, bayan 'yan kwanaki ƙafafu su bi, ciki ya tara ruwa, fitsarinsa kuma ya riƙa kumfa. Idan aka auna fitsarin sai a tarar da furotin mai yawa, wanda a ƙa'ida bai kamata ya fita daga jini ba. A asibiti ana kiran ciwon nefrotik. Tun shekarun 1950 aka samu maganinsa, wato ƙwayoyin siteroyid irin su firednisolon, kuma a ƙasashen Turai yara takwas zuwa tara cikin goma kumburinsu kan sace cikin 'yan makonni. Damuwar tana ga ragowar. Su ma ana ba su maganin nan yadda ya kamata, amma shiru kake ji. Sai a tsawaita shi, a ƙaro wasu magunguna masu raunana garkuwar jiki, yaro ya haɗa wahalar ciwo da wahalar magani, fuska ta cika, jini ya hau, girma ya tsaya. Da yawa daga cikinsu ƙodarsu kan daina aiki kafin su balaga. An yi shekara da shekaru ba wanda ya iya faɗa wa iyayen dalili.

Cikin mutanen da suka kawo amsar wani ɓangare na wannan tambaya akwai Farfesa Corinne Antignac, likitar ƙodar yara 'yar Faransa, wadda ta yi aikinta a asibitin Necker da ke Paris, ƙarƙashin hukumar binciken lafiya ta ƙasar mai suna Inserm. Na zaɓi yin sharhi a kanta ne domin aikinta ya ba da damar yin tambayar da ake yawan tsallakewa: idan aka ce binciken masani ya yi tasiri, me ake nufi? A jami'o'i akan ƙirga yawan maƙalu da yawan waɗanda suka ambace su. Ni ma'aunin da na yarda da shi shi ne ko maganar da likita yake faɗa wa uwa a bakin gadon ɗanta ta sauya saboda wannan binciken. Da wannan ma'aunin, aikin Antignac ya yi nauyi sosai, amma yana da iyaka, kuma iyakar ta shafe mu.

Wurin da ta yi aikin yana da muhimmanci. Sashen yara na Necker, wanda aka buɗe a 1802, ana ɗaukarsa asibitin yara na farko a duniya. A Necker ne kuma aka yi dashen ƙoda daga uwa zuwa ɗanta a ƙarshen 1952, ƙarƙashin Jean Hamburger, ko da yake ƙodar makonni uku kawai ta yi tana aiki. Daga baya masana irin su Renée Habib da Marie-Claire Gubler sun shafe shekaru suna duba ƙananan yankan ƙodar yara a madubin likita, suna rarrabe irin ɓarnar da kowane ciwo yake yi. Wato kafin Antignac ta fara farautar ƙwayoyin gado, akwai tarin bayanan iyalai da aka rubuta da kyau, aka san wane ne ya kamu, wane ne ya tsira, kuma yaya dangantakar iyayen take. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma duk wanda ya ba da labarinta ba tare da waɗannan mutane ba ya rage gaskiya.

Sai mu ɗan leƙa cikin ƙodar. Kowace ƙoda tana da ƙananan matatai kusan miliyan ɗaya. A jikin babban mutum suna tace ruwan da ya kai lita 180 a yini, sannan wasu siraran bututu su mayar da kusan dukkansa cikin jini, tare da gishiri da sukari da sauran abubuwan amfani, a bar abin da zai fita a matsayin fitsari. Matatar tana aiki kamar rariya: ruwa ya wuce, furotin ya tsaya. A jikin matatar akwai wasu ƙwayoyin halitta masu rassa kamar yatsu, waɗanda suke sarƙe da juna, kuma ɗan tsagin da ke tsakanin rassan shi ne shinge na ƙarshe. A 1998 ƙungiyar Karl Tryggvason ta gano furotin na farko da ke gina wannan shinge, aka sa masa suna nefrin, ta hanyar nazarin jariran ƙasar Finland da ake haifa da ciwon. Amma wannan ciwo ne na jarirai, kuma ya fi yawa a al'umma guda.

Antignac da abokan aikinta sun bi wasu iyalai ne dabam, waɗanda yara biyu ko uku a ɗaki ɗaya suka kamu da nefrotik mai ƙin magani alhali iyayen lafiyarsu ƙalau. A 1995 suka gano cewa matsalar tana wani yanki na kuromosom na 1, ɗaya daga cikin zarurrukan da ke ɗauke da ƙwayoyin gado. Sai a 2000 suka kama ƙwayar gadon kanta, wadda ake kira NPHS2, suka kuma sa wa furotin ɗin da take samarwa suna podosin. Shi ne yake riƙe nefrin a mazauninsa. Idan yaro ya gaji lahanin daga uwa da uba duka, shingen ba ya ginuwa daidai tun asali.

A nan ne na ga tasirin da ya fi kowane girma, kuma tasiri ne na hanawa, ba na bayarwa ba. Siteroyid yana aiki ne ta hanyar kwantar da garkuwar jiki. Yaron da ciwonsa ya samo asali daga ginin matatar, ba daga garkuwar jiki ba, ko an shekara ana ɗura masa maganin ba zai gyara ginin ba. A 2004 bincike biyu, ɗaya daga ƙungiyar Antignac, ɗaya daga ƙungiyar Friedhelm Hildebrandt, suka nuna abu biyu da suka sauya aikin likitoci. Na farko, yaran da ke da lahani biyu a NPHS2 ba sa amsa siteroyid. Na biyu, idan aka yi musu dashen ƙoda, ciwon ba kasafai yake dawowa a sabuwar ƙodar ba. Wannan na biyun babban al'amari ne, domin a cikin yaran da ciwonsu ba na gado ba ne, kaso mai yawa suna sake zubar da furotin bayan dashe, wani lokaci cikin kwanaki kaɗan. Uwar da za ta ba da ƙodarta tana da haƙƙin ta san wane rukuni ɗanta yake. Kafin 2000 ba mai iya faɗa mata. Yanzu gwajin jini yana iya faɗa.

Wani zai ce ai wannan ba magani ba ne, kuma gaskiyarsa. Yaron da aka gano yana da lahanin podosin har yau ƙodarsa za ta lalace, hanyarsa kuwa wankin ƙoda ce da dashe. Amma duk wanda ya taɓa ganin abin da watanni na siteroyid da sauran magungunan karya garkuwa suke yi wa ƙaramin yaro, daga cututtukan da ke samun ƙofa zuwa yanar ido da raunin ƙashi, ya san cewa dakatar da maganin da ba zai yi aiki ba jinƙai ne na gaske. Haka kuma iyayen suna samun amsar tambayar da ta fi damunsu, wato ko na gaba ma zai kamu. Lissafin daidai yake da na sikila tsakanin masu AS biyu: kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu.

Bayan podosin sai ƙofa ta buɗe. Ƙungiyoyi da dama suka yi ta gano wasu ƙwayoyin gadon, har suka kai gommai. A 2015 ƙungiyar Hildebrandt ta binciki iyalai 1,783 masu nefrotik mai ƙin magani, ta tarar kusan kashi 30 cikin 100 ciwonsu daga lahanin ƙwayar gado guda ne, kuma NPHS2 ce kan gaba. Cikin waɗanda aka gano akwai 'yan kaɗan da jikinsu ne ya kasa haɗa wani sinadari mai suna Q10, kuma wasunsu kan samu sauƙi idan aka ba su shi ta baki. Abin da a da ake kira ciwo ɗaya saboda alamominsa iri ɗaya ne, ashe cututtuka ne masu yawa.

Akwai wani aikin Antignac na 2014 da nake ganin ya nuna irin natsuwarta. Wani canji a NPHS2 mai suna R229Q yana da yawa a jikin Turawa masu lafiya. Ita da Kálmán Tory suka nuna cewa wannan canji ba ya jawo ciwo sai ya haɗu da wasu keɓaɓɓun lahani daga ɗayan mahaifin, ba da kowane lahani ba. Amfanin wannan shi ne kada a tsorata ma'aurata a banza, kada kuma a liƙa wa yaro ciwon gado alhali dalilin ciwonsa wani ne.

Ɗayan babban aikinta ya shafi ciwon da ke tsakanin ƙoda da yadda jiki ke sarrafa sinadarai, wato sistinosis. Ciwo ne da ba kasafai ake ganinsa ba, kusan jariri ɗaya cikin 100,000 zuwa 200,000. Ana haifar yaron lafiya. Tsakanin wata shida da shekara ɗaya sai a ga yana yawan fitsari, yana yawan neman ruwa, yana amai, ba ya ƙiba, ba ya tsawo, ƙasusuwansa su yi laushi har ƙafafu su lanƙwashe. Dalili shi ne bututun nan da ke mayar da abubuwan amfani cikin jini sun gaza, don haka gishiri da sukari da sinadaran gina ƙashi duk suna bin fitsari. Likitan ido kan ga ƙananan duwatsu masu ƙyalli a baƙin idon yaron, kuma haske yana damunsa. Idan ba magani, ƙoda kan mutu wajen shekara goma.

Tarihin wannan ciwo yana koyar da wani abu game da yadda ilimi yake tafiya, domin a nan magani ya riga ƙwayar gado zuwa. Emil Abderhalden ya fara bayyana ciwon a 1903. A cikin kowace ƙwayar halitta akwai wani ɗan ƙunshi mai suna laisosom, inda ake narkar da tsofaffin furotin a fitar da gutsattsarinsu don sake amfani da su. Ɗaya daga cikin gutsattsarin shi ne sistin. A 1976 Jess Thoene da abokan aikinsa a Amurka suka nuna cewa wani sinadari mai suna sistiyamin yana rage sistin da ya taru a ƙwayoyin masu ciwon. A 1982 William Gahl ya nuna cewa asalin matsalar ita ce sistin ba ya iya fita daga laisosom. A 1994 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da maganin da sunan Cystagon. Duk wannan ya faru ba a san ƙwayar gadon ba. Sai a 1998 ƙungiyar Antignac, tare da ta William van't Hoff a Landan, suka gano ta a kuromosom na 17, aka kira ta CTNS, furotin ɗinta kuma sistinosin. A 2001, tare da Bruno Gasnier, suka tabbatar da cewa sistinosin shi ne ainihin mai fitar da sistin daga laisosom.

To, in magani ya riga ya samu, me gano ƙwayar gadon ya ƙara? Ya ƙara abin da sai an san wahalar maganin za a gane. Sistiyamin na asali ana shansa duk bayan awa shida, dare da rana, tsawon rai, ma'ana uwa za ta tashi ɗanta cikin dare kullum. Yana tayar da zuciya, yana sa numfashi da gumi wari mara daɗi, abin da ke sa matasa da yawa su riƙa tsallake shi don kunyar abokai. Ba ya isa ido, don haka akwai maganin ɗigawa dabam, wanda wani nau'insa ake ɗigawa kusan kowace awa. A 2013 aka fito da Procysbi da ake sha sau biyu a yini, amma kuɗinsa a Amurka ya kai dubban ɗaruruwan daloli a shekara. Bayan duk wannan, maganin jinkirta mutuwar ƙoda yake yi, ba ya gyara bututun da suka riga suka lalace. Waɗanda suka rayu har suka girma kuma sai ciwon ya bayyana a wasu sassan jiki: maƙoshi, da tsoka, da haɗiya, da ciwon sukari.

Sanin CTNS ne ya ba da damar ƙirƙirar ɓera mai ciwon, wanda ɗakin binciken Antignac ya bayyana a 2002. Ɗalibarta Stéphanie Cherqui, wadda ta yi wannan aiki, ta koma Kalifoniya ta ci gaba. Ta gano cewa ƙwayoyin da ke fitowa daga ɓargo suna iya shiga ƙoda da sauran sassa su miƙa wa ƙwayoyin da ke ciwo lafiyayyun laisosom ta wasu siraran zarurruka. Daga nan aka tsara magani: a ɗebi ƙwayoyin ɓargon majinyaci, a saka musu lafiyayyar CTNS a ɗakin gwaji, a mayar masa da su. A 2019 aka yi wa mutum na farko wannan a Jami'ar Kalifoniya da ke San Diego. Gwaji ne a kan manya ƙalilan, kuma yana buƙatar magani mai tsanani don share ɓargo kafin a mayar da ƙwayoyin, saboda haka bai kamata a kira shi waraka ba tukuna. Amma tsakanin gano ƙwayar gadon da taɓa majinyaci na farko shekara ashirin da ɗaya ne, kuma wadda ta kai aikin can a hannun Antignac ta koyi sana'ar. Ɗaliban da masani ya yaye suna cikin tasirinsa, ko da sunansa ba ya kan maƙalarsu.

Antignac ta kuma yi aiki a kan wani ciwon gado mai suna nefronoftisis, wanda ke kashe ƙodar yara a hankali ba tare da kumburi ba. Ita ta fara nuna mazauninsa a kuromosom na 2 a 1993, kuma a 1997 ƙungiyarta da ta Hildebrandt suka gano ƙwayar gadon, kowace a nata ɓangaren.

Yanzu sai iyakar da na ambata. Taswirar nan an zana ta ne galibi da jinin iyalan Turai da Arewacin Afirka da Gabas ta Tsakiya, kuma ba lallai ta dace da yaranmu ba. Lahanin CTNS da ya fi yawa a arewacin Turai, wanda wani babban yanki na ƙwayar gadon ne ya ɓace, ba shi ake samu a yaran baƙar fata na Afirka ta Kudu ba. Masu bincike a Cape Town sun tarar nasu lahanin dabam ne. A Durban kuma, wani bincike na 2018 ya nuna cewa wani lahani guda a NPHS2 mai suna V260E shi ne sanadin kaso mai tsoka na nefrotik mai ƙin magani a yaran baƙar fata. Wannan labari ne mai daɗi ta wata fuskar, domin neman lahani guda ya fi binciken gommai araha. Amma ba a gano shi ba sai da aka je aka duba yaran wurin.

A Nijeriya tarihin ciwon ma dabam ne. A 1963 Herbert Gilles da Ralph Hendrickse suka bayyana a Ibadan cewa nefrotik na yaran yankin yana da alaƙa da wani nau'in zazzaɓin cizon sauro, kuma yawancinsu ba sa amsa siteroyid. Likitocin yara na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya su ma sun ba da rahoton ƙarancin amsa maganin a shekarun baya. Rahotannin baya-bayan nan daga Legas sun nuna cewa yanzu yara da yawa suna amsawa. Ga kuma APOL1, ƙwayar gadon da aka gano a 2010 cewa wasu nau'o'inta suna ƙara haɗarin ciwon ƙoda ga mutanen da asalinsu Afirka ta Yamma ne, nau'o'in da ake ganin sun yaɗu ne saboda suna ba da kariya daga wani nau'in ciwon barci da ƙudan tsando ke kawowa. Binciken da wani shiri mai suna H3Africa ya yi a Ghana da Nijeriya a kan mutum fiye da 8,000, wanda aka wallafa a 2024 da Farfesa Rasheed Gbadegesin a sahun gaba na marubutansa, ya tarar kusan kashi 30 cikin 100 na mahalartan suna ɗauke da nau'o'in haɗarin guda biyu. Duk likitan da zai ɗauko ƙididdigar Paris ya ɗora wa yaron Kano ko Maraɗi ba tare da ya lura da wannan ba, zai iya ɓata.

Akwai kuma batun auren zumunci, wanda ba na son a ɗauke shi da zargi, domin al'ada ce mai dalilanta na riƙon dangi. Amma lissafin gado ba ya sauyawa: cututtukan da sai an gaji lahani daga ɓangarori biyu sun fi bayyana idan ma'aurata kakansu ɗaya. Da yawa daga cikin iyalan da suka taimaka aka gano waɗannan ƙwayoyin gado irin wannan aure suka yi. Saboda haka ina da yaƙinin cewa a gidajen Hausawa da Fulani akwai yaran da ke mutuwa da waɗannan cututtuka ana cewa tamowa ce, ko shawara, ko sammu. Jaririn da ke da sistinosis da jaririn da ke fama da yunwa kamanninsu ɗaya a idon wanda bai nemi bambancin ba. Bambancin kuwa ba shi da tsadar nema a matakin farko: yaron da ba ya girma, yana yawan fitsari duk da jikinsa ya bushe, kuma tsinken gwajin fitsari ya nuna sukari alhali sukarin jininsa daidai yake, wannan yaron bututun ƙodarsa ne ke zuba, kuma ya kamata likitan ido ya duba shi.

Gwajin ƙwayoyin gado na ƙoda bai zama abin yau da kullum a asibitocinmu ba, sistiyamin ma ba maganin da za a shiga kemis a saya ba ne. Dashen ƙoda ana yi, har a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, amma kuɗinsa da na magungunan bayan dashe sun fi ƙarfin yawancin gidaje. Abin da ya fi saurin ɗaukuwa daga aikin Necker shi ne matakin da suka fara da shi kafin su mallaki na'urorin zamani, wato rubuta tarihin iyali da kyau. Idan aka kawo yaro da kumburin da ya ƙi siteroyid bayan makonni huɗu zuwa shida, a tambayi uwa ko ta taɓa rasa wani yaro da irin wannan ciwo, a tambayi dangantakarta da mijinta, a auna fitsarin ƙanne da yayye, a adana bayanan a rajista ɗaya da asibitocin Kano da Zariya da Sakkwato da Maiduguri da Damagaram za su riƙa zubawa. Mutanenmu sun riga sun saba da gwajin jini kafin aure saboda sikila, don haka maganar gado ba baƙuwa ba ce a wurinsu. Daga irin wannan rajista ne za a iya gano ko mu ma muna da namu lahanin guda mai yawa, irin V260E na Durban, wanda ƙaramin ɗakin gwaji a asibitin koyarwa zai iya nema da kuɗi kaɗan.